Gurbi ya samu, kuɗi ne babu: ina masu zanen gine-gine ke samo tallafin digiri na biyu?

Rukayya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. Shekara biyu ke nan da gama digirina na farko a zanen gine-gine, tun daga nan ina aiki a wani ƙaramin ofis, mu huɗu ne har da mai ofishin. Bana na cike makarantu uku na digiri na biyu a ƙasar waje. Ɗaya ta ɗauke ni, har da wasiƙa mai daɗin karantawa cewa sun yafe mini kashi 30 cikin ɗari na kuɗin makaranta saboda kundin ayyukana ya burge su. Kwana biyu cur ina murna. Rana ta uku na ɗauki biro na lissafa ragowar kashi 70 ɗin, na haɗa da haya da inshorar lafiya da tikiti, sai na ga ko albashina na shekara goma aka tara ba a taɓa ko sisi ba, ba zai kai ba. Ga shi sun ba ni mako uku in biya kuɗin kama gurbi, kuma ba a mayarwa.

Abin da ke ɗaure mini kai, ƙawayena da suka karanta injiniyanci da lafiyar al'umma sun samu cikakken sikolashif, har da alawus duk wata. Mu kuwa duk inda na duba sai ragi. Shin babu ne, ko ni ce ban san inda ake dubawa ba?

Yaya Bashir:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Abu na farko: kar ki biya kuɗin nan tukuna. Ragin kashi 30 ba tallafi ba ne, ciniki ne. Sun sa farashi sun yi miki ragi, kamar yadda suka yi wa wasu da yawa da suka karɓi irin wasiƙar a rana ɗaya da ke.

Na biyu, wane irin digiri kika cike? Don wannan tambaya ita ce ke raba gardama. Abin da muke kira mastas a fanninmu kala uku ne, sunan ne kawai ya haɗa su. Akwai na shiga sana'a, wanda ake buƙata kafin a samu lasisin aiki a ƙasar da aka yi shi. A Amurka shi ne wanda hukumar NAAB ta amince da shi, wanda bai karanta zanen gine-gine tun farko ba yakan ci shekara uku zuwa uku da rabi a kai. A Ingila shi ne mataki na biyu na RIBA, wato ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Birtaniya, shekara biyu. Sai na ƙarin ƙwarewa a zane ga wanda ya riga ya gama na sana'a. Sai na uku, na bincike ko na wani reshe: tsara birane, adana tsofaffin gine-gine, gidajen masu ƙaramin ƙarfi, yanayin zafi da iska a cikin gini.

Kuɗin tallafi kusan duk yana wajen na ukun. Na farkon shi ne ya fi tsada, shi ne kuma ya fi ƙarancin mai biya.

Rukayya:
Yaya na farkon ne na cike, shekara biyu. Wallahi ban san da wannan bambanci ba, sunan makarantar na gani da hotunan situdiyonsu, wato ɗakunan koyon zane.

Malam Lawal:
Rukayya, ba ke kaɗai ba ce. Shekara da shekaru ina rubuta wa ɗalibai wasiƙar shaida, kusan kowa da wannan ruɗanin yake zuwa. Bari in ƙara a kan abin da Bashir ya ce, don ki san dalili, kar ki ɗauka ƙiyayya ce ake yi wa fanninmu.

Ƙawarki mai injiniyanci, akasari ba jami'a ce ke biyan ta daga aljihunta ba. Farfesa ne ya ciyo kuɗin bincike daga gwamnati ko kamfani, a cikin kuɗin akwai albashin ɗalibin da zai zauna masa a ɗakin gwaji. Ita ma'aikaciya ce da rigar ɗaliba. Malamin situdiyo ba shi da irin wannan kuɗi. Kuma koyar da situdiyo na da cin kuɗi: malami ɗaya a kan ɗalibai goma sha biyu ko sha biyar, kowa da teburinsa dare da rana, ga ɗakin sassaƙa, ga injinan yanka. Saboda haka makarantu na kallon digirin sana'a kamar na lauya ko na kasuwanci, wato ka biya yanzu ka fanshe daga baya. Matsalar ita ce albashin mai zanen gine-gine a farkon aiki bai kama ƙafar na waɗancan ba, ko a can ɗin. Shi ya sa nake hana ɗalibaina cin bashi a kansa.

Masu bayar da tallafi kuma, gwamnatoci da gidauniyoyi, ba ruwansu da sunan fanni. Matsala suke saka wa kuɗi: ambaliya, cunkoson birni, zafi, rushewar kayan tarihi. In kika je musu da cewa kina so ki zama ƙwararriyar mai zane, za su ce Allah ya ba da sa'a. In kika je da matsala wadda zane ke cikin maganinta, a nan ake fara saurare.

Nura:
Malam da girmanka, amma ni fa na daina wahalar da kaina. Sau huɗu ina cikewa. Duk wannan abu sai da hanya, in ba ka san kowa ba ɓata data kawai kake yi.

Yaya Bashir:
Nura, sau huɗun nan me ka cike, kuma me ka canza tsakanin na farko da na huɗu? Ba gatse nake yi ba. Ni ma sau biyu ana watso mini ƙasa a ido kafin na uku, da na koma na karanta takardun farkon sai da kunya ta kama ni. Wasiƙa ɗaya na tura wa kowa, sunan makaranta kawai nake canzawa, a wani wurin ma na manta ban canza ba.

Ga misalin irin abin da rashin karanta sharaɗi ke jawowa. Chevening, tallafin gwamnatin Birtaniya da aka fara a 1983, digiri na shekara ɗaya kawai yake biya. To mataki na biyu na RIBA shekara biyu ne. Duk wanda ya zaɓi wannan kwas ya faɗi tun kafin a karanta rubutunsa, ko da shi ne ya fi kowa iya zane. Amma akwai kwasa-kwasan shekara ɗaya da suka dace, kamar na sashen tsara ci gaba da ke Bartlett a Landan, ko na adana gine-ginen tarihi a York. Suna kuma son ƙwarewar aiki ta shekara biyu, wadda suke ƙirgawa awa 2,800, da alkawarin za ka koma ƙasarku aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Rukayya kin ga shekara biyun da kika yi a ofis ba asara ba ce, ita ce ma jarinki.

Nura:
To gaskiya na shekara biyun na zaɓa har sau biyu. Ba wanda ya faɗa mini.

Yaya Bashir:
A rubuce yake a shafinsu, mu ne ba ma karantawa har ƙasa.

Ni ta Jamus na bi, don haka ita na fi sani. DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, na da ƙofa biyu da suka shafe mu. Ɗaya ta masu zanen gine-gine ce zalla, ta haɗa da tsara birane da zanen cikin gida da adana kayan tarihi, kuma da kundin ayyuka ake tantancewa. Wannan na cikin wurare ƙalilan da ake biyan karatun zane don zane, sai dai kowa ya duba ko ƙasarsu na ciki a shekarar. Ta biyun ita ce EPOS, ta kwasa-kwasan da suka shafi ci gaban ƙasashe masu tasowa. Ita ma shekara biyu na aiki take nema, kuma kada digirinka ya wuce shekara shida. A ciki akwai SPRING na Dortmund, inda ake shekara ɗaya a Jamus, ta biyu a wata jami'ar haɗin gwiwa kamar ta Kumasi ko Darussalam. Akwai na Stuttgart da ake yi tare da jami'ar Ain Shams ta Alƙahira. Akwai na tafiyar da birane a Balin.

Wani zai ce ai karatu kyauta ne a Jamus. Gaskiya ne a yawancin jami'o'in gwamnati, amma jihar Baden-Württemberg na karɓar yuro 1,500 duk zango daga 'yan wajen Tarayyar Turai tun 2017, jami'ar fasaha ta Munich ma ta fara karɓa a 2024. Sannan kafin biza sai ka nuna kuɗin zama na shekara a asusun da aka kulle, wanda a 2024 aka mayar yuro 11,904. Kyautar ke nan.

Kamal:
Ku yi haƙuri in kawo tsaiko. Abin da nake ji a nan shi ne, duk mu ajiye fensir mu koma masu rubuta rahoton ci gaba saboda a can kuɗi yake. Ni zane na karanta, zane nake so. Ina so in iya tsara gidan kallo, ɗakin karatu, filin jirgi. Me ya sa ɗan Turai zai je ya koyi yadda haske ke faɗowa a bango, mu kuma kullum sai dai mu je mu koyi yadda ake gyara kwata? In Rukayya ta bi shawararku ta samu tallafi ta karanta abin da ba ta so, an gudu ba a tsira ba.

Malam Lawal:
Kamal, ka faɗi gaskiya rabi, kuma rabin nan mai ɗaci ne. Lallai masu kuɗi sun riga sun yanke irin tambayar da suke so ɗan ƙasa mai tasowa ya yi. Wannan na dame ni ni ma. Amma inda ban yarda da kai ba shi ne raba zane da matsala.

Dubi Francis Kéré na Burkina Faso. Tallafin da ya kai shi Jamus a 1985 ba na zanen gine-gine ba ne ma, na koyon kafinta ne. Da rana yana aiki, da dare yana makaranta, har ya shiga jami'ar fasaha ta Balin. Tun yana ɗalibi ya tara kuɗi ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando da tubalin ƙasa, aka gama a 2001. Tambayarsa ɗaya ce: ya za a yi yaro ya zauna a aji bai narke da zafi ba? Amsar ita ce rufin kwano da ya ɗage sama da silin ɗin ƙasa, iska na ratsawa tsakani. Ginin ya ci lambar Aga Khan a 2004, shi kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi Pritzker, babbar lambar yabo ta fanninmu, a 2022. Ka ce mini wannan rufin ba zane ba ne? Ai hasken da kake magana a kai, yana nan a cikin ajin.

Kamal:
Malam ai Kéré ɗaya ne a duniya. Ba a kafa hujja da mutum ɗaya.

Malam Lawal:
Ban kawo shi don in ce kowa zai zama shi ba. Na kawo shi ne don in nuna ƙofar da ka shiga ba ita ce ke yanke ɗakin da za ka zauna ba. Amma in ka dage sai digirin zane zalla, hanya na nan, ta fi ƙunci ne kawai. Hadiza ta fi ni saninta.

Anti Hadiza:
Ina nan ina karanta ku tun ɗazu, aiki ne ya riƙe ni. Kamal ƙanina, ni digirin zanen na yi a Amurka, kuma ban ci bashi ba, amma bari in faɗa maka yadda abin yake.

Manyan makarantu masu dukiya irin su Princeton da Rice an san su da sakin hannu, sai dai ɗalibai kaɗan suke ɗauka. Ni ban ma gwada ba. Wata jami'ar jiha na samu wadda ba ta da suna a bakin mutane, suka ba ni aikin taimaka wa malami. Tsarin shi ne su yafe maka kuɗin makaranta ko mafi yawansa, su ba ka ɗan albashi, kai kuma ka yi musu aiki, wanda dokar biza ta ƙayyade kada ya wuce awa 20 a mako lokacin karatu. Ajin 'yan shekarar farko aka haɗa ni da shi. Daren Lahadi ina zaune a ƙasa da zanen yara sittin a shimfiɗe, ina bin layinsu da jan fensir, alhali nawa samfurin da zan kai gaban malamai masu tantancewa ranar Talata ko gindinsa ban manna ba. Akwai ranar da na yanke yatsa da wuƙar kwali ƙarfe uku na dare, na naɗe da salatif na ci gaba, don in na tsaya neman magani gam zai bushe. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Kuma irin wannan aiki ba kasafai ake tallata shi ba. Ni rubuta wa shugaban sashe na yi, na ce na iya kaza da kaza, na taɓa koyar da zanen kwamfuta, akwai ajin da ke neman mataimaki? Layi shida. Bayan kwana tara ya amsa.

Rukayya, ke ma abin da za ki yi ke nan kafin makon ukun ya cika. Rubuta musu cikin ladabi, ki ce kin gode, kina so ki zo, amma ga giɓin da ya rage, ki faɗi adadin ƙiri-ƙiri. Ki tambaya ko akwai ƙari, ko aikin mataimaki. Ba wanda zai janye miki gurbi don kin tambaya. In sun ce babu, ki tambaya ko za a ɗage miki zuwa baɗi, amma ki sa su faɗa a rubuce ko ragin zai biyo ki, don sau da yawa gurbin ake ɗagewa, kuɗin kuwa sai an sake nema.

Rukayya:
Anti na gode ƙwarai. Ni tsoro nake ji kar su ga kamar na raina abin da suka ba ni.

Anti Hadiza:
Ba surukanki ba ne, ofis ne. Suna karɓar irin wannan wasiƙa kullum.

Tunda an zo nan, bari in yi maganar kundin ayyuka, don a fanninmu shi ne ke jan kuɗi fiye da maki. Na taɓa zama ina taya wani malami jera kundayen masu nema. Ya buɗe, ya juya shafi huɗu ko biyar, ya rufe. Wasu ko minti biyu ba su samu ba. Abin da ya fi yawa shi ne dogon bene na gilashi, sama shuɗiya, motoci masu ƙyalli a gaba, mutanen kwamfuta suna murmushi. Ya ga irinsu ɗari kafin azahar. Wanda ya tsayar da shi har ya kira ni in gani, na wani yaro ne da ya sa zanen fensir na aji guda, an yanka ginin a tsaye ana ganin cikinsa, ya ja kibiyoyi inda iska ke shiga da fita, a gefe ya rubuta zafin da ya auna da safe da rana da yamma har kwana bakwai. Shafi na gaba tagogi uku da ya gwada, biyu ya ja musu layi ya rubuta dalilin da ya sa suka gaza. Malamin ya ce wannan yana tunani.

Saboda haka ki nuna hanya, ba sakamako kaɗai ba. Ayyuka huɗu ko biyar sun isa, mafi ƙarfi a gaba. In aikin ofis ne ko na rukuni, ki rubuta ainihin abin da hannunki ya yi, don a hira za su iya nuna kusurwa ɗaya su ce wa ya zana wannan. Ki kuma kiyaye adadin shafi da nauyin fayil da suka ƙayyade, wani shafin in ya wuce ko ɗorawa ba zai yi ba, ga shi saura awa ɗaya a rufe.

Sagir:
Ni gargaɗi na zo yi. Kwanakin baya wani ejan ya karɓi kuɗina da sunan zai samo mini cikakken tallafi a Turai, har ya turo wasiƙa mai tambari. Da na rubuta wa makarantar kai tsaye suka ce ba su san da sunana ba. Lambarsa ta daina shiga. Abin takaicin, daga baya na gano tallafin da ya ambata kyauta ake cikewa. Duk wanda ya ce ka biya ya ba ka sikolashif, ɓarawo ne.

Malam Lawal:
Allah ya mayar da alheri Sagir. Chevening, DAAD, Fulbright, Commonwealth, na Turkiyya, na Japan, babu wanda ke sayar da fom. Abin da za ka kashe wa kuɗi shi ne jarrabawar Turanci, fassara da tantance takardu, da kuɗin neman gurbi na wasu makarantu, wanda shi ma akan yafe in ka roƙa da hujja.

Fa'iza:
Ba wanda ya ambaci Italiya, kuma ina ganin ita ce ta fi dacewa da irin su Kamal. Politecnico ta Milan da ta Turin na koyar da digirin zanen gine-gine da Turanci, situdiyo sosai ba rahoto ba. Tallafin da mutane da yawa ke rayuwa da shi a can na yanki ne, kuma da ƙarfin aljihun iyali ake auna shi, ba da maki kaɗai ba. In ka samu, za a yafe kuɗin makaranta, a ba ka kuɗin zama, wani lokaci da ɗaki da abinci. Wahalarsa takardu: shaidar kuɗin shigar iyali, yawan mutanen gida, kadarori, duk sai an fassara zuwa Italiyanci an buga musu hatimi. Sannan kuɗin ba ya zuwa ranar da ka sauka, sai ka riƙe kanka wata da watanni tukuna. Kuma in ba ka ci adadin darussan da aka ƙayyade ba a shekarar farko, ana iya cewa ka mayar.

Kamal:
Yauwa, wannan ita ce maganar da nake jira. Na gode Fa'iza.

Yaya Bashir:
Ƙara da Hangare, Kamal. Stipendium Hungaricum na biyan kuɗin makaranta, jami'ar fasaha ta Budapest kuma na da zanen gine-gine da Turanci, sai dai alawus ɗin ƙarami ne, kuma sai ƙasarku ta tura sunanka. Turkiyya na biyan komai har tikiti, amma za ka fara da shekara guda ta koyon harshe, kuma kada ka kai shekara 30 in mastas ne, 35 in digiri na uku ne. MEXT na Japan ta ofishin jakadanci ake bi, su tsarin bincike da malamin da zai karɓe ka suka fi dubawa. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai yuro 1,400 a wata, karatu a ƙasa biyu aƙalla, ana samun kwasa-kwasan birane da kayan tarihi a jerinsu, amma jerin na canzawa duk shekara. Masu tsohon labarin cewa Norwe kyauta ce su sabunta, tun 2023 'yan waje ke biya.

Rukayya:
Na Aga Khan fa? Wata ta ce mini suna biya wa Musulmi karatun gine-gine.

Malam Lawal:
Abu biyu ta haɗa miki, kuma babu wanda addini ne sharaɗinsa. Akwai shirin Aga Khan na nazarin gine-ginen Musulunci da ke Harvard da MIT tun 1979. Wannan sai makarantar ta ɗauke ki tukuna, kuma bincike ne a kan tarihi da birane da gine-ginen al'ummomin Musulmi. Ga mai sha'awar masallatai, ganuwa, tsarin tsakar gida da makamantansu, wuri ne babba. Sai kuma tallafin gidauniyar Aga Khan, wanda rabi kyauta ne rabi bashi, kuma na 'yan wasu ƙasashe ne da aka lissafa, irin su Pakistan, Masar, Kenya da Tanzaniya. Ki duba jerin kafin ki ɓata lokaci.

Wani abu da ban ji kowa ya taɓo ba: lasisi. Digirin waje ba ya ba ka izinin sa hannu a zane a ƙasarku kai tsaye. Kafin ka karɓi kowane tallafi, tambayi hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta inda kake niyyar aiki ko za ta karɓi digirin. Na ga wanda ya dawo da mastas na tsara birane, mai kyau kuwa, amma aka ce sai ya koma ya cike matakin sana'a kafin ya zauna jarrabawar lasisi. Ga wasu, abin da ya fi shi ne su gama na sana'ar a gida inda ya fi sauƙi, su samu lasisi, sannan su nemi tallafin na ƙwarewa ko su wuce digiri na uku, wanda shi kam a wurare da yawa da albashinsa yake zuwa.

Anti Hadiza:
Malam ya tuna mini da wasiƙar shaida. Don Allah ku daina zuwa wa malamai saura kwana biyu. Ku ba su wata guda, ku haɗa musu da kundinku da bayanin abin da kuke nema, ku tuna musu wane aiki kuka yi a ajinsu. Wasiƙar da ta ce yaro ne mai ladabi da ƙwazo ba ta ɗaga kowa.

Malam Lawal:
Allah ya yi miki albarka Hadiza. Akwai wanda ya kira ni ƙarfe goma na dare wai sha biyu za a rufe.

Nura:
Malam ni ne, kuma na tuba.

Yaya Bashir:
Ba a fafe gora ranar tafiya, Nura. Rukayya, in baɗi kike hari, lissafin ya fara daga yanzu. Chevening kan buɗe a Agusta. Kwasa-kwasan EPOS kowanne da ranarsa, da yawa tsakanin Agusta da Oktoba. Makarantun Amurka Disamba zuwa farkon Janairu, kuma yawancinsu sun amince ba za su matsa wa wanda suka ba tallafi ya amsa kafin 15 ga Afrilu ba. Hangare tsakiyar Janairu, Turkiyya Janairu zuwa Fabrairu. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu yake aiki, kar ki yi shi da wuri har ya mutu, kar kuma ki bari sai ya rage mako. Takardar sakamakonki ta jami'a kuwa ki nema gobe. Tawa wata huɗu ta yi a wani ofis, ta sa na rasa shekara guda.

Kamal:
Har yanzu dai ina kan bakana cewa bai kamata sai mun yi kukan talauci kafin a koya mana zane ba.

Malam Lawal:
Ba kuka aka ce ka yi ba. Masu karanta takardun nan sun gaji da kuka, suna gane na haya tun layin farko. Tambaya aka ce ka zo da ita, tambayar da kai ka gani da idonka a wurin gini, wadda wani ba zai iya kwafa daga intanet ba. In taka a kan hasken ɗakin karatu ce, kawo ta a haka, ka kai ta inda ake sayen irinta.

Rukayya:
Na tura musu wasiƙar ɗazu, Anti, layi bakwai, na sa adadin kamar yadda kika ce. Kuɗin gurbi kuma ban biya ba.

Na buɗe kundina na sake dubawa. Shafin farko dogon bene ne na gilashi, har da motocin. A can shafi na 19 na tura wani ƙaramin asibiti da muka gyara a ofis, inda ɗakin jira ke zafi har mata ke fita su zauna a gindin bango. Ni na auna shi, ni na zana tagogin sama da muka huda, ina da hotunan kafin da bayan, har da zanen farko da mai ofis ya ƙi saboda ruwan sama zai shigo. Na ɓoye shi ne don ina ganin bai yi kyau ba.

Malam, in na tura maka shafukan nan za ka duba mini? Ba gobe za a rufe ba.

Malam Lawal:
Turo. Ki haɗa da zanen da aka ƙi ɗin.

Sagir:
Fa'iza don Allah takardun iyalin nan, na shekarar da ta wuce ake kaiwa ko na wadda ake ciki?